Da Ɗan Gari Kan Ci Gari: Boren Satiru na 1906 da Takwarorinsa a Ƙasashen da Sifen Ta Mallaka



Gabatarwa

Kowace ƙasa da ta taɓa zama ƙarƙashin mulkin mallaka tana da mutanen da suka ɗauki makami tun sauran jama'a ba su shirya ba, aka murƙushe su, sa'an nan waɗanda suka murƙushe su suka rubuta labarinsu. A wannan lacca ina so mu dubi irin waɗannan mutane a ƙasar Hausa, musamman mutanen Satiru da suka yi wa Ingilishi bore a 1906, mu kuma gwada su da waɗanda suka yi wa Turawan Sifen irin wannan yunƙuri a Amurka ta Kudu shekara ɗari ko fiye kafin haka. Tambayar da za mu bi ita ce, me ya sa boren farko yakan faɗi ko da ya soma da nasara? Amsar da nake ganin tarihi ya bayar tana cikin karin maganar nan da kowa ya sani, wato da ɗan gari kan ci gari. Baƙo bai taɓa riƙe ƙasa da bindigarsa kaɗai ba. Mai bore kuma, komai jaruntakarsa, idan masu riƙe da gari suka juya masa baya, to kwanansa ya ƙare.

Yadda Aka Ci Ƙasa a 1903

Ranar 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji baƙar fata fiye da 700, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4, ya nufo Kano. Garin da ya rufe masa ƙofa shi ne Bebeji. Harsashin igwa ya fasa ƙofar, ya kashe sarkin garin da wasu mutanensa. Daga nan rundunar ta bi ta gefen ƙasar nan da a yau ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakinta a Kura da Bunkure, ta ƙetare kogin Challawa, ba wanda ya sake tare ta sai a ganuwar birni. Ranar 3 ga Fabrairu aka ci Kano. Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato a lokacin, Sarkin Shanu da aka bar wa tsaron gida ya mutu yana kare fada.

Abin da ya biyo baya shi ya fi muhimmanci ga maganarmu. Da Sarki Alu ya rabu da jama'arsa, sai suka kasu biyu. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi, ya yi shahada a Kwatarkwashi. Wambai Abbas ya jawo sauran zuwa Kano, Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki. Haka kuma aka yi a Sakkwato bayan karon da aka yi ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, dubban talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi, har aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli aka kashe shi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da ragowar mutane har ƙasar Sudan. Waziri Buhari kuwa ya zauna, ya yi sulhu, daga baya ya rubuta wa malamai risala yana bayyana hujjarsa, cewa gara a zauna a tsare wa Musulmi addininsu da shari'arsu da a watse a bar ƙasa ba kowa. Aka naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu Sarkin Musulmi.

Ke nan kafin shekarar 1903 ta ƙare, gidajen sarauta sun riga sun tace kansu. Masu ra'ayin yaƙi sun mutu ko sun yi gabas. Waɗanda suka rage sun karɓi sandar mulki daga hannun Bature, sun yi masa rantsuwa. Turawan da kansu 'yan ƙalilan ne, warwatse a barikoki masu nisa da juna. Duk wanda zai tayar musu bayan wannan, sai dai ya fito daga wajen fada.

Boren Satiru

Satiru ƙauye ne kamar mil 14 kudu da Sakkwato. Mazaunansa talakawa ne da almajirai, da bayi masu yawa waɗanda suka gudu daga gandayen iyayengijinsu. Sai mu tuna dokar Lugga ta 1901 ta hana farautar bayi, ta kuma 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba, gwamnati ma ba ta son su gudu, don kada noma ya tsaya, sarakuna kuma su fusata. Saboda haka bawan da ya gudu ba shi da masoyi a fada, ba shi da shi a bariki. A 1904 mai garin Satiru ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi aka kai Sakkwato, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi.

A daidai wannan lokaci wuta ta kama a ɓangaren Faransi. A ƙarshen 1905 wani malami makaho Bazabarme, Shu'aibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, ya tara jama'a a Kobkitanda ta ƙasar Doso, suka ƙi haraji da aikin tilas. A watan Janairu na 1906 Faransi suka fasa su, da taimakon dawakin Zarmakoy na Doso. Ɗan Makaho ya tsere, ya ƙetare iyakar da Turawa suka shata, wadda a wurinsa ba ta da wata ma'ana, ya sauka a Satiru da sauran mabiyansa. Ba wani sarki da ya aiko shi, ba wata daula da ta ba shi tuta.

A watan Fabrairu Satirawa suka auka wa wani ƙauye maƙwabcinsu, suka kashe mutane. Labari ya isa Sakkwato lokacin da Razdan Burdon ya kama hanyar hutu. Ranar 14 ga wata, muƙaddashinsa Preston-Hillary ya tafi da rukunin soja masu dawaki don ya kamo shugabannin. Ya yi gaba don ya yi magana da mutanen, sojoji ba su gama jeruwa ba, sai Satirawa suka rufe su da fartanyu da gatura da baka. Dawaki suka firgita, sahu ya watse. Aka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftana Blackwood da sojoji 25, aka ƙwace bindiga mai ruwa. Malam Isa shi ma ya rasa ransa a sanadin wannan karo, jagoranci ya koma hannun Ɗan Makaho.

Tun da Ingilishi suka shigo ƙasar nan ba su taɓa shan irin wannan kashi ba. Ga shi kuma yawancin sojojin Lugga suna can wajen Binuwai, an tura su ƙasar Tibi. Makonni uku cur barikin Sakkwato yana nan kusan ba tsaro. Da Sarkin Musulmi ya ɗaga tuta a cikin waɗannan makonni, da wuya Bature ɗaya ya fita daga lardin da rai. Bai ɗaga ba. Ya tsaya tare da Burdon, ya tura dawakinsa suka yi tsaro, Marafa Maiturare ma ya kai wa Satiru hari, ko da yake bai ci nasara ba. Kano ta yi shiru, Zazzau ta yi shiru. Sojoji suka taru daga Kano da Kwantagora da Zungeru da Lakwaja, fiye da 500, ƙarƙashin Manjo Goodwin. Ranar 10 ga Maris aka gwabza. Satirawa suka yi ta zuwa kan bakin bindiga sahu bayan sahu. An ƙiyasta an kashe kusan mutum 2,000, aka kwashe mata da yara kamar 3,000 aka rarraba. Aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin, ya zama kufai. Aka kama Ɗan Makaho, aka yanke masa hukunci, aka kashe shi a kasuwar Sakkwato. Kisan ya yi munin da har a Landan Winston Churchill, wanda yake ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mallaka, ya nuna ƙyamarsa a rubuce.

Bai kamata mu yi saurin zagin sarakunan nan ba tare da mun fahimci lissafinsu ba. Sun ga Burmi da idonsu. Daular Usmaniyya kuma tun asali ba ta sakin jiki da masu da'awar Mahadi, Shehu Usmanu da kansa ya musanta cewa shi ne Mahadi. Bugu da ƙari, boren da bayi gudaddu suka cika sahunsa barazana ce ga mai gandu kafin ta zama barazana ga Razdan. A idon fada, nasarar Satiru ba za ta tsaya a bariki ba.

Madubi Daga Ƙasashen Sifen

Yanzu sai mu ƙetare teku, mu koma baya da shekara ɗari da ɗoriya. Sifen ta mallaki Meziko da Peru da Benezuwela da Kyuba tun ƙarni na 16, saboda haka mulkinta ya tsufa lokacin da za mu yi magana a kai, ba kamar na Ingilishi a nan ba, wanda yake ɗan shekara uku. Duk da wannan bambanci, tsarin riƙon ƙasa ɗaya ne: Sifaniyawa 'yan kaɗan daga gida, sa'an nan masu gari iri biyu, wato jikokin Sifaniyawa haifaffun can masu gonaki da bayi, da kuma sarakunan gargajiya na 'yan asalin ƙasa masu tara haraji.

Boren da aka yi musu iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ya taso daga cikin ƙasa. A watan Nuwamba na 1780 wani basarake a Peru, wanda ya ɗauki sunan kakansa Tupak Amaru, ya kama jami'in Sifen mai kula da lardin Tinta, ya sa aka rataye shi a bainar jama'a. Kukansa shi ne ƙarin haraji, da tilasta wa talakawa sayen kayan da ba sa bukata, da aikin tilas a ramukan azurfa na Potosi. Dubun dubatar talakawa suka bi shi, ya ci yaƙin farko a Sangarara, ya kewaye birnin Kusko a farkon 1781. Amma jikokin Sifaniyawa, waɗanda su ma suke kuka da haraji, da suka ga taron talakawa sai suka ja da baya. Manyan sarakunan gargajiya kuma, irin su Pumakawa na Cincero, suka kawo mayaƙansu suka tsaya wa Sifen. Ranar 18 ga Mayu, 1781, aka kashe Tupak Amaru a dandalin Kusko bayan an kashe matarsa da ɗansa a gabansa.

Iri na biyu shi ne harin ƙashin kai, wato mutum ya tara kuɗi da makamai da 'yan sa kai a wata ƙasa, ba da umarnin kowace gwamnati ba, ya shigo da fatan da zarar ya sauka jama'a za su tashi su bi shi. Shahararren misali shi ne Faransisko Miranda, haifaffen Karakas, wanda ya yi aikin soja a Sifen, ya kuma zama janar a rundunar juyin juya halin Faransa. A watan Fabrairu na 1806, shekara ɗari daidai kafin Satiru, ya tashi daga Niyok a wani jirgin ruwa mai suna Leander da mutum kamar 200, har da injin buga takardun kira ga jama'a. A watan Afrilu Sifaniyawa suka kame masa ƙananan jirage biyu, suka rataye mutum 10. A watan Agusta ya sauka a gaɓar Koro, ya kafa tuta, ya shiga gari, ya tarar mutane sun watse. Bai yi mako biyu ba ya koma jirgi. Attajiran Karakas ma kuɗi suka tara wa gwamnati don a yaƙe shi. Dalili kuwa a fili yake. A 1795 bayi sun yi bore a duwatsun Koro ɗin nan, a 1804 kuma bayin Haiti sun kori Faransi sun kafa ƙasarsu. Mai gandu ya fi tsoron bawansa da mai karɓar haraji.

Haka ta faru da Narsiso Lofez a Kyuba. Ya shigo daga Amurka da 'yan sa kai a 1850, ya kama garin Kardenas na yini ɗaya, ba wanda ya bi shi. Ya komo a 1851, aka kama shi, aka kashe shi a Habana ranar 1 ga Satumba. Shi kam manufarsa ma gauraye take, domin masu bayi na kudancin Amurka ne suka ɗaure masa gindi, suna son a haɗe tsibirin da ƙasarsu.

To, yaushe mulkin Sifen ya faɗi? Sai da bango ya tsage. A 1808 Nafoliyon ya mamaye Sifen ya tuɓe sarkinta. A 1810 manyan Karakas, 'yan ajin nan da suka ƙi Miranda shekara huɗu da suka wuce, su da kansu suka tuɓe gwamna. Simon Bolibar ɗan gidan masu dukiya ne. A Meziko, limamin nan Hidalgo ya tayar da talakawa a 1810 aka kashe shi a 1811, amma 'yanci bai samu ba sai 1821, lokacin da Iturbide, hafsan da ya daɗe yana yaƙar 'yan bore, ya sauya sheƙa. Shi kansa Pumakawa ya juya wa Sifen baya a 1814, aka kashe shi a 1815. Yaƙin Ayakuco na 1824 ya rufe babin a Amurka ta Kudu. Kyuba kuwa, inda masu rake suka daɗe suna tsoron bayinsu, ta zauna a hannun Sifen har 1898.

Idan muka jera su, Ɗan Makaho ya yi kama da Miranda ta wajen shigowa daga waje da kira, ya kuma yi kama da Tupak Amaru ta wajen samun talakawa masu shirin mutuwa. Abin da su ukun suka rasa ɗaya ne.

Darasi Daga Tsakuwa

Wani zai ce, ashe ke nan boren malami da talaka bai taɓa yin nasara ba? Ya taɓa, kuma misalin yana nan kusa, a ƙasar Dawakin Kudu. Wajen 1846, tun kafin zuwan Turawa, Malam Hamza na Tsakuwa da wasu malamai suka ƙi biyan kuɗin ƙasa ga masarautar Kano, suna ganin malami bai cancanci wannan haraji ba. Ba su tsaya a fili sun jira dawakin birni ba. Suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi, suka zauna cikin Butawa da Warjawa da maƙwabtansu, waɗanda su ma suke da nasu kukan game da hare-haren masarautu. Malaman suka jawo mutanen dutse a jiki har suka zama runduna ɗaya. Daga wannan haɗuwa aka sami daular Ningi, wadda ta shafe kusan shekara 50 tana addabar kudancin Kano da Bauchi da Zazzau, ba wanda ya iya tumɓuke ta.

Malam Hamza baƙo ne a Ningi kamar yadda Ɗan Makaho yake baƙo a Satiru. Bambancin shi ne Hamza ya sami masu ƙasa da shugabanninsu, ya sami dutse, ya sami lokaci. Satiru kuwa tana fili, tafiyar rabin yini daga fadar Sarkin Musulmi, ga maƙwabta da ta riga ta ɓata da su, ga abokin gaba mai wayar tangaraho da bindiga mai ruwa.

Akwai kuma misalin da ya nuna ɗaya gefen. Ranar 25 ga Afrilu, 1906, makonni shida bayan Satiru, rundunar da Lugga ya tura ta auka wa Haɗeja. A nan sarki ne da kansa, Muhammadu, ya ƙi miƙa wuya, ya yi yaƙi a cikin birninsa har aka kashe shi da manyan fadawansa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Amma ya tsaya shi kaɗai, a lokacin da sojoji suka riga suka gama da Satiru. Da talakan Satiru da Sarkin Haɗeja maƙiyinsu ɗaya, ba su kuwa taɓa haɗa hannu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da Ya Biyo Baya

Ingilishi sun koyi darasi daga Satiru fiye da kowa. Sun gane rayukansu suna hannun sarakuna. Aka ba Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu lambar girma. Sarakunan da aka yi shakkar biyayyarsu aka kawar da su: a cikin 1906 aka tuɓe Sarkin Gwandu, aka kuma tuɓe Sarkin Katsina Yero aka naɗa Durbi Muhammadu Dikko. Waɗanda suka rage aka ƙarfafa su. A Kano, zamanin Razdan Cargill, wanda Kanawa suka sa wa suna Mai Gunduma, aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka fitar da hakimai daga birni su zauna cikin talakawansu, ido a kan haraji, ido a kan baƙin malamai. Daga baya aka kafa baitulmali aka yanka wa sarakuna albashi. Tsarin En'e, wanda ya riƙe Arewa har gyaran ƙananan hukumomi na 1976, a kan wannan yarjejeniya ya tsaya: Bature ya tsare wa sarki gadonsa, sarki ya tsare wa Bature ƙasa. Kukan talaka kuwa bai mutu ba, ya jira har ya sami sabuwar hanya, wato siyasar jam'iyya, lokacin da aka kafa NEPU a Kano a 1950. Mulkin kai na 1960 kuma, kamar na Karakas da Meziko, bai zo ba sai da 'ya'yan masu gari da suka yi boko suka ga lokaci ya yi.

Kammalawa

Ga ɗalibai, abin lura shi ne yawancin abin da aka rubuta game da Satiru daga rahoton Burdon da Lugga ya fito, sa'an nan masana irin su Adeleye da Lovejoy da Hogendorn suka sake tace shi. Muryar Satirawa kansu an binne ta tare da garinsu. Akwai aiki a gabanku na bin zuriyar matan nan da aka rarraba, da na tattara abin da dattawan Bebeji da Tsakuwa da Haɗeja suka gada daga kakanninsu, tun ba a rasa masu ba da labarin ba.

Ga ma'aikata kuwa, ku ne a yau kuke zaune a matsayin da hakimi da mai tara haraji suka zauna, tsakanin gwamnati da manomi. A Tinta da Kobkitanda da Tsakuwa, haraji da aikin tilas ne suka kunna wuta, kuma a ko'ina masu mulki sun ɗauki shirun talaka a matsayin yarda har ranar da ya ɗauki fartanya. Wanda aka ba rabon ruwa ko taki ko fili a Kura da Bunkure, ya san cewa da shi ake cin gari, da shi kuma ake gyara shi.